ILMIN GAJIMARE: RIBARSA, TSADARSA, DA HAKKIN ƊAN TALAKA A CIKINSA

Jawabin da Akawun Jam'iyya ya karanta wa taron rassan Kankiya da Kusada

 Muna gode muku da kuka baro rumfunanku da gonakinku kuka zo sauraronmu, musamman mutanen Kusada da na ƙauyuka waɗanda suka yi sammako.

Abin da ya sa Kwamiti ya umurce mu da wannan jawabi shi ne tambayar da iyaye su ke ta kawowa ofis. Mutum ya zo ya ce, "Malam Akawu, yarona ya gama sakandare, ya ce wai gajimare za shi karanta. Shin wannan karatu ne ko shiririta? In sayar da sa in biya masa, ko in ba shi jari ya zauna kusa da ni?" Tambaya ce mai nauyi, gama sa guda ga talaka ba abin wasa ba ne, kuma in an sayar ba ya komowa. Saboda haka muka bincika, ga kuwa abin da muka samo, mai daɗi da marar daɗi.

Da fari dai, babu wani gajimare. Suna ne kurum Turawa suka laƙaba wa abin, don masu zanen wayoyin kwamfuta sun saba zana siffar girgije a inda intanet ta ke. Ainihin abin kuwa gini ne a ƙasa, babba kamar sito, an jera dubban kwamfutoci a ciki bisa kantoci, ana hura musu sanyi dare da rana don kada su ƙone, wuta kuma ba ta ɗaukewa ko na ƙiftawar ido. Mai ginin yana ba da hayar ƙarfin kwamfutocin nan ga wanda ya ke so, ko yana Legas ko yana Kusada, muddin waya ta sada su.

Ku iyayenmu mata kun fi kowa gane wannan. Ba kowane gida ke sayen injin niƙa ba. Mutum ɗaya ya saya, ya zuba mai, ya ɗauki yaro mai lura da shi, ke kuwa ki aika da tiya biyu ki biya kuɗin tiya biyu. Ran biki ki aika da buhu ki biya kuɗin buhu, kashegari ki koma tiyarki biyu, ba ruwanki da gyaran inji. To, haka banki ko kamfani ya ke yi yanzu. Maimakon ya sayi manyan kwamfutoci su zauna suna tsufa, sai ya yi haya, ya biya gwargwadon abin da ya niƙa. Ran da ciniki ya yi yawa, kamar jajibirin salla, ya ƙara haya cikin minti kaɗan, ciniki ya lafa ya rage. Har wa yau akwai wata dabara: kwamfuta guda babba a kan tsaga ta ɗaki ɗaki kamar gidan haya, kowane ɗan haya da makullinsa, ba mai leƙa ɗakin wani. Sa'an nan ba a ajiye kaya wuri guda. A kan kwafe bayani a ajiye a gini biyu ko uku, don in gobara ta ci ɗaya, sauran na nan. Kamfanin Amazon ne ya buɗe wannan kasuwa sosai a 2006, Microsoft da Google suka bi bayansa.

Kada wani ya ce wannan abin mutanen birni ne, ba ruwansa. Kun tuna farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a? Mai tumatir da mai goro da mai sayar da awaki, wanda bai taɓa shiga banki ba, tilas ta sa ya koyi karɓar kuɗi ta waya, ko ya tsaya layi wurin mai na'urar cirar kuɗi. Ran nan kun ga abin da ke faruwa in injin niƙa ya yi wa jama'a kaɗan: kuɗi su fita daga wurin mai saye, ba su isa wurin mai sayarwa ba, a yi ta rantse-rantse a bakin rumfa har magariba. Kamfanonin da suka iya ƙara ƙarfin kwamfutocinsu da sauri su ne suka kwashe kasuwa tun daga lokacin. Wanda kuma wayarsa ta faɗa rijiya, ya sayi sabuwa, ya ga lambobin mutanensa sun komo, to, daga irin wannan sito suka komo. Yaronku in zai yi rajistar jarrabawar JAMB, ko ku in za ku karɓi lambar ɗan ƙasa, sunanku yana tafiya ne ya kwana a wata kwamfuta mai nisa wadda ba ku taɓa gani ba. Watau kun daɗe kuna biyan kuɗin niƙa. Abin tambaya shi ne, ɗan wa ke riƙe da injin?

Yawancin manyan gidajen nan suna Amurka da Turai. A Afirka, Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe a birnin Kef a 2020, Google kuma a Johannesbag a 2024. A Nijeriya akwai na 'yan kasuwa a Legas, akwai kuma na Gwamnatin Tarayya a hannun kamfaninta Galaxy Backbone, a Abuja da wanda aka buɗe a Kano a 2023. Wayoyin da ke sada mu da ƙasashen waje kuwa ta ƙarƙashin teku su ke bi. Ran 14 ga Maris 2024 da waɗansunsu suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da yawa suka tsaya cik, mutum yana Kankiya ya kasa biyan kuɗin buhun gero saboda waya ta yanke a teku inda bai taɓa zuwa ba. Manyan ma su kan faɗi: a watan Oktoba 2025 wani ɓangaren Amazon da ke Jihar Bajiniya ta Amurka ya sami tangarɗa, harkokin mutane suka tsaya a ƙasashe da dama har tsawon sa'o'i. Duk lokacin da irin wannan ta auku, akwai waɗansu mutane da a ke tasa daga barci su gyara. Aikin waɗannan mutane shi ne yaranku ke cewa za su koya.

A Amurka ba lalle sai mutum ya shiga jami'a ya ke koyonsa ba. Suna da waɗansu makarantu da su ke kira kwalejin al'umma, na shekara biyu, masu araha, a cikin garin mutum, yana kwana gidan ubansa yana zuwa, wani ma yana sana'arsa da rana yana karatu da dare. Sun fi shekara 100 da fara su. Ta garin Joliyet tun 1901 ta ke. A 2018 kwalejin al'umma ta Arewacin Bajiniya, wadda ke kusa da inda gidajen kwamfutan nan suka fi yawa a duniya, ta haɗa kai da Amazon suka tsara karatun gajimare na shekara biyu. Ku lura da hikimar: makaranta ce aka kai wa ɗan talaka har ƙofar gida, ba a ce sai ya yi ƙaura ba.

Mu a nan abin da ya fi kama da wannan shi ne kwalejin kimiyya da fasaha. A Jiharmu akwai ta Hassan Usman a Katsina, akwai ta Tarayya a Daura, akwai kuma Cibiyar Fasaha da Gudanarwa da aka kafa a Katsina zamanin Gwamna Ibrahim Shema. Hukumar da ke lura da irin waɗannan makarantu ita ce NBTE, tana Kaduna. A farkon 2024, ƙarƙashin Farfesa Idris Bugaje, hukumar nan ta raba babbar difloma ta ilmin kwamfuta gida huɗu. Ɗaya na ƙirƙirarriyar basira, ɗaya na rubuta manhaja, ɗaya na tsaron bayanai, ɗaya kuwa shi ne namu na yau, watau haɗa kwamfutoci da aikin gajimare. Hanyar ke nan: yaro ya fito sakandare da kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi, ya ci JAMB, ya yi shekara biyu ya karɓi ƙaramar difloma, ya yi shekara guda yana koyon aiki a wata ma'aikata, sa'an nan ya komo ya yi shekara biyu ta babbar difloma. Shekara biyar ke nan in ba yajin aiki, kana bautar ƙasa. Kowa ya lissafa wannan tun kafin ya kama igiyar sa. Kuma in kun je, kada ku ji kunyar tambayar magatakarda: shin hukuma ta ba ku iznin wannan reshe? Ku nuna mana ɗakin gwaji, kwamfuta nawa ke aiki, yara nawa ke kan guda? Kuɗinku ne, kuna da ikon tambaya.

Me a ke koyo? Yadda a ke sada kwamfuta da kwamfuta har saƙo ya san hanyarsa. Yadda a ke ba kwamfuta umurni a rubuce, musamman da tsarin da a ke kira Linux, wanda mafi yawan manyan kwamfutocin nan ke aiki da shi. Yadda a ke ajiye bayani a kwafe shi, da yadda a ke komo da shi in ya salwanta. Yadda a ke raba makullai, wane ya ga wannan, wane kada ya gani. Da ɗan rubutun manhaja, don aikin da mutum zai yi sau ɗari da hannu a sa na'ura ta yi shi da kanta. Duk da Turanci a ke yi, kuma karatu ne da ba ya ƙarewa, gama kamfanonin nan kullum suna sake kayansu. Yaron da ba ya jure zama yana bin diddigin kuskure guda har sa'a uku, kada a tilasta shi. Ba aibu ba ne. Wani ɗinki ya dace da shi, wani fatauci.

Ayyukan da ke gaba kuwa hawa hawa ne. Na farko, mai taimakon ma'aikata a banki ko asibiti ko makaranta, wanda a ke kira in na'ura ta ƙi. Akwai mai shimfiɗa wayoyi da lura da su a kamfanonin sadarwa, da mai kula da ɗakunan jarrabawar kwamfuta, tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Sama da su akwai mai gudanar da kwamfutocin hayar kamfani, da mai gadinsu daga ɓarayin intanet. Wannan na gadi kasuwarsa ta ƙaru tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni 2023, gama yanzu ma'aikatar da ta yi sakaci da sirrin mutane tana iya shan tara. Akwai ma wani aiki da zai ba 'yan kasuwa sha'awa: mai bin lissafin haya. Da dala manyan kamfanonin nan ke yanke kuɗin hayarsu, tun kuwa da aka saki naira a 2023 hayar ta yi wa kamfanonin Nijeriya tsada ƙwarai. Wanda ya iya duba lissafi ya ce, "Ga ɗaki goma kuna biya ba kowa ciki, a rufe su," ya fanshi albashinsa. Ɗan da ya tashi a rumfa yana ganin ubansa yana ƙirga kwabo ba a koya masa wannan.

Amma fa, jama'a, Jam'iyyarmu ba ta saba yi muku romon baka ba. Ginin kwamfutan nan komai girmansa ba ya ɗaukar ma'aikata da yawa kamar masaƙa. Manyan ayyukan suna Legas da Abuja, kaɗan a Kano. Gaskiya ne ana iya yi wa kamfanin waje aiki daga ɗaki a karɓi dala, amma mai yin haka yana takara ne da 'yan Indiya da 'yan Kenya da 'yan Masar, kuma ba a fara ɗaukar wanda bai taɓa aiki ba. Ga shi kuma ƙirƙirarriyar basira ta fara cin waɗansu ƙananan ayyukan da sabon shiga kan fara da su. Takarda kaɗai ba ta isa ba. Mai ɗaukar aiki cewa zai yi, zauna ka yi mu gani.

Sai tsada. Ban da kuɗin makaranta da na ɗaki da na abinci a Katsina, lalle ne yaro ya mallaki kwamfutar hannu tasa, da kuɗin data kowane wata. Wanda ya ce za a koyi wannan aiki a allo da alli, ko a wayar hannu kurum, ya ruɗe ku. Bayan haka kamfanonin suna da tasu jarrabawa, wadda masu ɗaukar aiki ke girmamawa. Ta farko ta Amazon dala 100 ce, mai bi mata dala 150, kuma shekara uku takardar ke yi a sabunta. A 2025 dala guda ta kai wajen naira 1,500. Watau jarrabawar farko kaɗai ta kai naira 150,000, alhali mafi ƙanƙancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Albashin lebura na wata biyu bai biya ta ba, in kuma yaro ya faɗi, kuɗi sun tafi. Don haka kada ya shiga sai ya nuna sarai. Akwai rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, ya haɗa da 'yan kwalejin fasaha na gwamnati, ba ruwa a kansa, a kan fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Rance ne dai, ba kyauta ba, kowa ya shiga da idonsa buɗe. Akwai kuma shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta buɗe a 2023, da alkawarin horad da mutum miliyan 3, aikin gajimare yana cikin darussansa, ba a biyan kuɗin koyo. Ko da shi ke ba Gwamnatinmu ba ce, da dukiyar talakawa a ke yinsa, saboda haka duk sa'ad da aka buɗe rajista yaranmu su cika. Wata kaɗan ne a ke yi, share fage ne, ba ya zama madadin difloma.

Ku yi hattara da masu hayar shago su rataya allo, su ce cikin mako shida ɗanka zai fara cin dala. In an ce a biya kuɗi a ba yaro takarda ba tare da ya zauna jarrabawa ba, ku tashi ku kaɗe rigarku. Ku kuma samari, muna faɗa muku a gaban iyayenku: wanda ya koyi wannan ilmi ya juya shi ga zambar mutane ta intanet, ɓarawo ne, ba shi da bambanci da mai yankan aljihu ran kasuwa, kuma ofishin Jam'iyya ba zai je belinsa ba.

Yanzu mu zo ga inda siyasa ta shigo. Sa'ad da Turawa suka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, 'ya'yan wa aka fi kai wa? Waɗanda suka fito daga cikinta su ne suka riƙe Arewa da aka sami mulkin kai, jikokinsu kuma ba su sauka ba har yau. Da su Malam Aminu Kano suka tashi da NEPU a 1950, cikin abin da su ke faɗa har da wannan, cewa ilmin da a ke mulki da shi kada ya zama gadon gida kaɗan. Yau ga wani sabon ilmin mulki ya zo, wanda zai riƙe kuɗin mutane da sunayensu da sirrinsu. 'Ya'yan manya tuni suna Ingila da Malesiya da Dubai suna koyonsa, gidajensu kuwa ga janareta ga faifan hasken rana. Ɗan Kusada fa? Sai ya kai wayarsa wurin mai caji ya biya.

A watan Yuli 2016 aka sa hannu da kamfanoni 14 don samar da wuta daga hasken rana, aka ce ɗaya mai megawat 75 a nan ƙasar Kankiya za a kafa ta. Aka buga a jaridu, aka ɗauki hotuna. Shekaru sun shuɗe, ina wutar? A watan Satumba 2021 kuma aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar nan saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-ma da Kurfi da Safana, aka kai watan Disamba. Ba mu raina batun tsaro ba, mu ne mu ke binne gawawwaki. Amma ku gaya mana, wane kamfani zai ba yaro amanar aikinsa daga garin da a ke iya kashe wa waya wata uku? Sa'an nan ga tsohon wulakancin da a ke yi wa mai babbar difloma a aikin gwamnati, a fifita mai digiri a kansa ko da ya fi shi iya aiki. Majalisar Tarayya ta zartas da dokar kawar da wannan bambanci a 2021, Shugaban Ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. Wa ke zuwa kwalejin fasaha in ba ɗan talaka ba?

Mutanen Kankiya ba sai an gaya musu amfanin makaranta a cikin gari ba. Makarantar koyon aikin lafiya da ke nan, gida nawa ta rufa wa asiri? Yara nawa, musamman mata, suka sami sana'a don kurum ba sai sun yi nisa da iyayensu ba? Abin da mu ke nema bai fi wannan ba. Gwamnatin Jiha ta buɗe reshen ɗaya daga cikin kwalejojinta na fasaha a Kankiya, a bakin hanyar Kano zuwa Katsina, inda na Kusada da Ingawa za su iya zuwa su koma gida su kwana, da ajin yamma don masu sana'a. A sa masa wutar hasken rana tasa da layin intanet mai ƙarfi, a bar ɗakin a buɗe har dare. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon shirya tasu wuta, saboda haka ba sauran fakewa da Abuja. Kotun Ƙoli kuma ta yanke a watan Yuli 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne kai tsaye. To, Kankiya da Kusada kowace ta ware abin biyan jarrabawar kamfanonin nan ga yaran da suka ci gwaji a fili, a manna sunayensu da makinsu a bango kowa ya gani, kada a raba a zauren wani. A kuma ware wa 'yan mata rabonsu tun daga farko, gama aiki ne da mace ke iya yi daga ɗakinta da mutuncinta, in an ba ta wuta da waya.

Kafin nan ba za mu naɗe hannu ba. Kwamiti ya yanke shawara kowane shugaban mazaɓa ya rubuto sunayen yaran da ke da kiredit biyar da ba su sami shiga ko'ina ba, maza da mata, ko ubansu ɗan Jam'iyyarmu ne ko ba namu ba ne. Samarinmu da suka riga suka yi ilmin kwamfuta sun yarda za su zauna da su a ofis ran Asabar da Lahadi, su gwada su wata guda kyauta, don uba ya san ko ɗansa na da kan abin tun bai sayar da komai ba. Shugabannin 'yan kasuwa kuma muna roƙonsu su duba ko adashin da a ke yi zai iya ɗaukar kwamfuta biyu ko uku da za a ajiye a ofis don wannan gwaji. Takardar kukanmu zuwa ga Majalisar Jiha tana kan tebur a bakin ƙofa. Wanda ya iya rubutu ya sa hannu, da boko ko da ajami, wanda bai iya ba ga tawada ya dangwala. Na Kusada su ba sakatarensu sunayen kafin taron wata mai zuwa.